Minti Uku a Gindin Itace

Akwai wata mai bincike a wata cibiyar nazarin tsuntsaye da abokan aikinta ke kira Minti Uku. Shekara uku ta yi tana bin maƙwaƙƙwafi, tsuntsun nan da ke sassaƙa kogo a jikin itace da bakinsa ya yi ƙwai a ciki.

So take ta gane dalilin da ya sa wasu iyaye ke rainon 'ya'yansu har su tashi, wasu kuma su watsar da ƙwai. Akwai sinadarin da jikin tsuntsu ke saki cikin jini idan yana shan wahala, shi take aunawa.

Sai dai kamun kansa firgita ne. In tsuntsu ya wuce minti uku a hannu, sinadarin ya fara hauhawa. Daga nan tsoron da ka ba shi kake aunawa, ba halin rayuwarsa ba.

Shi ya sa agogo ke rataye a wuyanta. Tsuntsu na faɗawa raga sai ta danna, ta warware shi, ta buɗe fiffike, ta ɗiga jini a 'yar kwalba. In lokaci ya wuce, ta buɗe hannu ya tafi. Takan yi awa biyar a gindin itace cinnaka na cin ƙafarta, ta koma da kwalba ɗaya.

Abokin aikinta kuwa, Sarkin Raga, raga takwas yake kafawa ya koma mota ya miƙe ƙafa. In ya dawo ya kwashe tsuntsayen a jakunkuna, ya jera su a inuwa yana ɗibar jininsu a tsanake. Firjinsa ya cika maƙil. Yakan buɗe nata a gaban mutane ya tambaya ko za ta ba da haya, tunda ba kowa a ciki.

A gida ma ba ta tsira ba. Yayanta ya ce bai taɓa ganin maharbi mai ba nama haƙuri ba. Mahaifiyarta ta ce, "Auta, in kin ƙara masa minti ɗaya, ƙararki zai kai?"

Ta ce, "Shi ba zai kai ba, Mama. Jininsa zai kai."

Ana haka shugaban cibiya ya sanar cewa dajin ba zai ɗauki bincike biyu ba. Kwamiti zai zauna, a bar wa mutum ɗaya, a rufe aikin ɗayan. Shi yana da kwalba ɗari biyu da sittin. Ita arba'in da ɗaya.

A makon ƙarshe na ƙyanƙyasa ta kama wani namiji da ta yi wata biyu tana fako. Ƙafarsa ta sarƙe a raga. Kafin ta kai allura, agogo ya nuna minti uku da daƙiƙa ashirin. Ba kowa a wurin. Ta daɗe tana kallon jan gashin ƙeyarsa, sannan ta sake shi, ta rubuta a littafinta.

Ranar kwamiti aka gayyato wata tsohuwar farfesa mai ɗora tabarau a goshi. Sarkin Raga ya cika allo da alƙaluma, ya kammala da cewa duk tsuntsayen dajin suna cikin matsananciyar wahala, masu raino da masu watsarwa.

Farfesa ta tambaye shi tsawon lokacin da tsuntsu ke yi a jaka kafin a ɗibi jininsa. Ya ce bai rubuta ba, amma ba ya wuce rabin awa.

Ta ce, "To ɗana, ka auna yadda tsuntsu ke jin zaman jaka. Sau ɗari biyu da sittin."

Aka zo kan Minti Uku. Kowace kwalba da lokacinta a rubuce. A nata bambancin ya fito fili: iyayen da suka watsar da ƙwai su ne masu sinadarin da yawa, kuma kogunansu na kusa da inda ake saran katako.

Farfesa ta karɓi littafin, ta ga har waɗanda aka saki an lissafa, ɗari da casa'in. Ta tsaya a shafin namijin nan.

"Wa ya gan ki ranar?"

"Ba kowa, ranki ya daɗe."

Farfesa ta rufe littafin ta gaya wa kwamiti cewa a ɗakin nan kwalba arba'in da ɗaya ce kawai za ta iya sa hannu a kansu. Aka ba Minti Uku dajin na ƙarin shekara uku, farfesa kuma ta roƙi kwafin littafin don koyar da ɗalibanta.

A baranda Sarkin Raga ya tare ta, murya ƙasa-ƙasa, ya tambaya ko tana buƙatar mai riƙe mata tsani in za ta leƙa kogunan tsuntsaye.

Ta ce, "Ina buƙata. In za ka iya jira."

Darasi: Yawan aiki ba shi ne ingancinsa ba. Ƙa'idar da ka kiyaye a inda ba mai ganinka, ita za ta tsaya maka ranar da kowa ke kallo. Ku tura wa duk wanda ake yi wa dariya saboda ya ƙi bin gajeriyar hanya.