Gurbin Karatun Da Malam Bamalli Ya Ɓoye

Akwai wani malamin lissafi, Malam Bamalli, da ya koyar a wata kwalejin horar da malamai a Suleja, tun ana kiran garin Abuja. Mutum ne mai tsafta da tsare gida, amma yana da ciwo guda: ba ya iya ganin na ƙasa da shi a gabansa. Ko layin alwala ne, sai ya duba shekarun wanda ya riga shi.

Su biyu ne kawai ke koyar da lissafi a kwalejin. Ɗayan shi ne Raphael, mutumin Kudu da ke haya a unguwar Bagama, wanda Bamalli ya girme wa da shekara goma. Sai dai Raphael ya shekara bakwai a kwalejin, shi kuwa Bamalli uku kacal, domin hedimasta ne a firamare kafin a dawo da shi nan.

A shekarar 1975 kwalejinsu da wasu kwalejoji biyu suka haɗa asusu guda. Kowace shekara za a tura malami ɗaya Zariya ya ƙaro ilimi na shekara biyu, albashinsa na tafiya, asusun na ɗaukar nauyin karatun. Bi da bi za a yi, kowace kwaleji sau ɗaya a shekara uku. Kwalejin su Bamalli ce ta farko.

Takardar ta iso lokacin da shugaban kwaleji ya tafi taro Sakkwato, Bamalli na riƙe masa kujera. Al'adar wurin ita ce duk takardar da ta shafi malamai a kafe ta a allon ɗakin malamai, kowa ya karanta ya sa hannu a gefe.

Bamalli ya karanta, ya sake karantawa. Sharuɗɗa uku ne. Wanda zai tafi ya kasance ya shekara biyar a kwalejinsa, kuma bai wuce shekara arba'in da biyar ba. Na ukun shi ne mai tsawo: a zagayen farko sauran kwalejojin za su ba da aron malamin da zai riƙe azuzuwan wanda ya tafi, amma daga nan babu aro. Wanda ya je ya dawo shi zai riƙe wa na bayansa.

Ko yaro ya san lissafin nan. Raphael ya tafi bana, ya dawo, ya riƙe wa Bamalli, shi ma ya tafi yana da shekara arba'in da huɗu. Amma malamin lissafi bai ga wannan ba. Abin da ya gani kawai shi ne Raphael ya dawo da digiri, an ɗora shi a kansa, shi tsohon hedimasta yana kai masa jadawalin darasi ya duba.

Ya naɗe takardar ya tura ta can ƙasan durowa. A ransa ya ce idan lokacinsa ya zo a san yadda za a yi.

Bayan mako biyu Raphael ya same shi a ofis.

"Malam, wani abokina a ɗaya daga cikin kwalejojin ya ce an aiko mana takardar ƙaro ilimi. Ko ta iso?"

"Ban ga komai ba, Mista Raphael. Ka san halin gidan waya."

Raphael ya ɗan tsaya, ya dubi teburin, ya ce, "To, Malam. Na gode."

Wa'adi ya wuce. Kwamitin kwalejojin ya ɗauka mutanen nan ba su da sha'awa, ya ba wata kwaleji gurbin. Da shugaba ya dawo ya yi ta faɗa da gidan waya, Bamalli na taya shi. Raphael ya ƙarasa shekarar, ya ajiye aiki, ya buɗe ɗan shagon kayan gini a unguwar Hashimi. Aka kawo wani sabon malami ɗanye shakaf a madadinsa.

Bamalli ya zaci zai ji daɗi. Bai ji ba, bai kuma ji baƙin ciki ba. Yana shiga aji, yana fita, yana cin tuwonsa, shi ke nan.

Shekara uku kamar yau. A lokacin an fara ba da ilimin firamare kyauta, kwalejoji sun cika maƙil da ɗalibai, malami ya yi tsada. Takarda ta sake zuwa, shugaba ya kira shi.

"Malam Bamalli, bana kai ne. Ga fom, ka cika."

Ya cika suna, ya cika shekaru, ya cika komai da rubutunsa mai kyau. Sai ya iso layin ƙarshe, inda ake rubuta sunan wanda ya je ya dawo, wanda zai riƙe azuzuwansa. Alƙalamin ya tsaya.

"Ranka ya daɗe, ba za a roƙa mana aro ba?"

"Na roƙa. Sun ce aro na zagayen farko ne, mu muka bar namu ya wuce. Su ma yanzu ba su da malamin da za su ba wani."

Ranar Asabar da hantsi Bamalli ya sa babbar riga ya tafi Hashimi. Wannan ce tafiya mafi nauyi da ya taɓa yi, ga ta kuwa ba ta kai mil ɗaya ba. Ya tarar da Raphael yana sa a loda buhunan siminti a amalanke. Raphael ya goge masa benci, suka gaisa, ya tambayi iyali.

Bamalli ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ko Raphael zai dawo kwaleji, ko na shekara biyu ne, ya riƙe masa aji? Wannan ce damarsa ta ƙarshe. Zagaye na gaba zai same shi da shekara arba'in da bakwai.

Raphael ya saurare shi har ƙarshe.

"Malam, da zai yi amfani da na dawo. Ina kewar aji, ba na jin daɗin ƙurar simintin nan. Amma ko na dawo ba za su karɓi sunana ba. Wanda ya je ya dawo suke so. Ni kuwa ban je ba."

Sai Raphael ya ci gaba da cewa:

"Ranar da na zo ofis na tambaye ka, na riga na ga masinja ya miƙa maka ambulan ɗin. Na yi ta jira ko za ka kafe ta. Har na gaya wa matata, idan na dawo Malam zai tafi, ni zan riƙe masa. Da yanzu shekarata guda da dawowa."

Babu zafi a muryarsa, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Bamalli ya nemi abin da zai ji a ransa, kunya ko haushi, bai sami komai ba. Ya zauna kawai yana kallon mai amalanke yana ɗaure igiya.

"Ka yafe mini," ya ce daga baya.

"Na yafe tuntuni, Malam. Sai dai yafewar ba ta cika fom."

Ranar Litinin ya mayar wa shugaba fom ɗin. Gurbin ya sake tafiya wata kwaleji. Malam Bamalli ya ci gaba da koyar da lissafi har ya yi ritaya, kuma ƙarshe ɗaliban da ya koyar ne suka dawo da digiri suna duba masa jadawalin darasi. Yana kai musu, su sa hannu, ya karɓa ya fita.

Darasi: Ci gaban abokin aikinka ba ragin naka ba ne. Sau da yawa wanda ka tare wa hanya yau shi ne zai riƙe maka aiki gobe, kai ma ka wuce. Idan sanarwar wata dama ta biyo ta hannunka, ka isar da ita ga mai ita ko da ya fi ka ƙuruciya. Ku tura wannan labari ga abokan aikinku, wataƙila akwai mai ɓoye wata takarda a yau.