Tayin Kwaɗo da Kofunan Koko

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Iya Tasalla!

Na rasa katangar da marigayi mijina ya gina, na tsira da ɗakin da muke zaune ciki. Ku ji yadda aka yi.

Koko nake sayarwa a bakin tasha, a ƙwarya. A sha, in wanke. Ran nan sai ga Gizo da buhun kofunan roba. Ya ce ba wanki, ba jira, direba ya sha ya yar. Na taya har Gizo ya yi gumi, sannan na saya. Ciniki ya buɗe. Kofunan kuwa iska ta riƙa kwashe su zuwa lambatun bayan gidana.

Da hadarin farko ya haɗo, Kwaɗo ya yi sallama. Ya ce kofuna sun toshe hanyar ruwa, in kwashe kwando ɗaya a rabu lafiya. Ni da ban taɓa karɓar tayin farko ba tun ina budurwa? Na ce masa albarka.

Hadari na biyu, ya dawo ya ce kwando goma. Na ce, "Kai da ko wuya ba ka da shi, kai za ka yi mini tsada? Albarka." Amma da na taɓa gindin katanga, sai laka ta biyo hannuna.

Hadari na uku, na gan shi goye da 'ya'yansa zai bar unguwa. Na sha gabansa na ce to, kwando biyar.

Ya ce, "Iya, ba ni ne mai kaya ba. Ruwa ya aiko ni, shi kuwa ba ya ragi."

Kafin la'asar katanga ta zube. Bangon ɗakin nan ya tsage, ga wani hadarin ya yi baƙi a gabas. Na tambayi Kwaɗo nawa ne yanzu. Ya ce in yashe lambatu kaf, in koma wa ƙwarya. Na roƙa a bar mini kofuna ranar kasuwa kawai. Ban rufe baki ba tsagar ta ƙara buɗewa.

Abin da aka yar bai tafi ba, yana bayan gida yana jira.

Kwando arba'in da hannuna, da wankin ƙwarya har in mutu. Na ce na sallama.

Ƙurunƙus, kan ɗan kwaɗo.