Fasfon Haji Sahib a Gaban Alƙali

An yi wani mutum a nan birnin Multan, ba zan faɗi sunansa ba. Haji Sahib kowa ke ce masa, wato Alhaji. Idan ya ce ya gani da idonsa, magana ta ƙare.

Wata rana Malik Tanwir, ɗan marigayi amininsa, ya zo masa da kwandon mangwaro da wata takarda. Takardar ta ce mahaifinsa ya ba shi gonar mangwaro kyauta tun yana da rai, don haka ƙanwarsa Shagufta, mai marayu uku, ba ta da gado a ciki. Jiya aka rubuta ta, amma kwanan watan na shekarun baya ne.

"Baffa, hannu kawai za ka sa. Wa zai kalli wannan gemun ya ce ƙarya?"

Ya sa hannu. Shagufta ta kai ƙara. A kotu ya rantse cewa a gabansa aka rubuta, ranar ashirin ga Agusta, suna shan shayi da marigayin.

Lauyar Shagufta ba ta yi musu da shi ba. Ta dai roƙi kotu ta sa ya kawo tsohon fasfonsa, alƙali ya ba da umarni. Haji Sahib ya kawo shi a jakar ƙarammiski, har yana murmushi, don a zatonsa darajarsa za a gani. Shi da watan Musulunci yake tuna Hajjinsa. Bai taɓa tambayar ranar da ya faɗa a watan Bature ba.

Aka duba hatimin shiga da na fita. Ranar nan yana Arfa.

"Haji Sahib," in ji alƙali, "shayin a Multan kuka sha, ko a tanti?"

Ba wanda ya yi dariya. Aka yi watsi da takardar, aka tura shi ya amsa laifin shaidar zur. Waɗanda ya taɓa yi wa shaidar aure da ciniki suka fara binciken takardunsu. A gida matarsa ta ce, "Ranar nan a Arfa ina bayanka kana kuka. Ita ka sayar?"

Ya 'yan uwa, kun ji? Ranar da ya tsaya neman gafara, ita ya ɗauka ya cuci marayu. Wannan fa littafin da ma'aikacin filin jirgi ya buga wa hatimi ne. Ina ga wanda mala'iku ke rubutawa, wanda ba lauyan da zai roƙi a ɓoye shi?

Kada kwarjininka ya zama kayan haya.

Allah ya kiyaye mu, ya tsare harsunanmu da hannayenmu daga shaidar abin da ba mu gani ba.