Ta Ina Kofur Ya Bi?

Ƙawata Lantana, matso ki ji.

An kama babur ɗin Tanimu ɗan acaɓa, wanda da shi yake ciyar da 'ya'ya biyar, wai ya ratsa tsakanin motoci a cunkoson bakin kasuwa. Alƙali ya ce, "Tsakanin motoci ba hanya ba ce. In kana son babur ɗinka, sai wanda ya kama ka ya shaida da bakinsa cewa hanya ce."

Tanimu ya yi bisimilla a zuciyarsa, ya juya wajen Kofur Ilu, wanda ya kama shi.

"Yallaɓai, ran nan motoci na motsi?"

"Ina fa! Cak suka tsaya."

"Amma ka cim mini?"

"Da babur ɗin aiki, tun kafin ka kai gada," in ji Kofur yana gyara hula.

"Masha Allah. Ta ina ka bi?"

Kofur ya kama kallon rufin kotu.

Tanimu ya dubi alƙali ya ce, "Allah gafarta Malam, in hanya ya bi, a ba ni makullina. In ba hanya ba ce, akwai wuri kusa da babur ɗina, sai a ajiye na hukuma."

"Hanya ce," in ji Kofur, can ƙasa-ƙasa.

Alƙali ya miƙa wa Tanimu makulli. "Ku dai riƙa binta a hankali, ku duka biyun."

Don Allah kada ki gaya wa kowa, Kofur ɗin ƙanin maigidana ne.