Ɓarawon Taki

Ana saura mako biyu zaɓen shugaban ƙasa, Alhaji Maiwada, daraktan kamfen, ya sa aka kira masa Nomau mawaƙi.

"Tallan rediyo nake so, ka yi wa abokin hamayyarmu kaca-kaca. Hukuma ta hana kama suna, amma dole kowa ya gane wanda ake nufi."

Nomau ya ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Ya rera habaici kan wani ɓarawon takin manoma. Washegari sai ga Alhaji yana huci.

"Kai Nomau! Duk gari cewa ake da ɗan takararmu kake!"

"Na kama suna?"

"A'a."

"To Alhaji, ni ɓarawo kawai na ce. Ka ce kowa ya gane shi, kowa kuwa ya gane shi."