Ƙusoshi Uku na Maganaɗisu

A zamanin da, fatake suka kawo wa wani sarki ƙusoshin maganaɗisu, kowace kanta ja, gindinta baƙi. In an jera biyu, ja kusa da baƙi, sai su zauna lafiya. In ja ya zo kusa da ja, ko baƙi kusa da baƙi, sai ture-ture. Sarki ya ce a kafa masa uku a hatiminsa, zaman duwatsun murhu, kada ɗaya ta ture 'yar'uwarta.

Sarkin Maƙera Bawa ya duba, ya ce ba za ta yiwu ba. Waziri ya ce wannan raini ne, aka jefa tsohon a kurkuku. Aka kira ƙanensa Gwadabe, aka ce ya gama aikin cikin kwana arba'in, in ba haka ba yayansa ya ƙare ransa a ɗaure.

Gwadabe ya yi ta juyi kamar mai suyar waina. Ya daidaita ta farko da ta biyu, ta uku ta rasa wadda za ta bi: in ta shirya da wannan, ta ɓata da waccan. Ya gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta, har tuwo ya daina yi masa daɗi.

Ran na arba'in ya je fada, ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, saura ƙiris. Ina roƙon Waziri ya nuna mini da mutane. A zaunar da fadawa uku suna fuskantar juna, a naɗa musu rawani, ja ko baƙi, kada biyu su yi iri ɗaya."

Waziri ya ce, "Wannan ai aikin yara ne."

Ya naɗa wa na farko ja, na biyu baƙi. Ya tsaya kan na uku. Ya naɗa, ya warware, ya sake naɗawa, har azahar, gumi na bin gemunsa. Mai dokar barci dai ya ɓuge da gyangyaɗi.

Sarki ya ce, "Waziri, raini ne?"

Waziri ya sunkuyar da kai. Gwadabe ya ce, "Ranka ya daɗe, babu mai laifi cikin ƙusoshin. Zaman da aka ba su ne bai da mafita."

Sarki ya janye dokar, ya sa Waziri ya kwance Bawa da hannunsa.

Bawa ya fito yana dafa bango da hannun da ba zai sake riƙe guduma ba. Ya ce, "Gwadabe, ka daidaita su?"

"Ba sa daidaituwa, Yaya."

Tsohon ya miƙa masa hannu. Sannan ya ce, "Abin da na faɗa musu ke nan tun ranar farko. Kama ni mu je gida."