Kwandon Masu Huda

A wani gari na bakin teku akwai wani mutum mai 'ya'ya biyu maza, sana'arsa kuwa noman ƙumba. Na san waɗansunku za su yi dariya, gama mu mutanen tudu a bakin rafi muke tsintar ƙumba, mu kankare tukunya da ɓawonta mu yar. Amma a can abinci ce, har gona ake yi mata. Akan kafa turaku cikin laka a inda ruwan teku yake shigowa ya koma, a ɗaura musu igiyoyi, 'ya'yan ƙumba su manne su yi ta girma. In ruwa ya janye, mai gona ya shiga ya duba amfaninsa. In ruwa ya dawo, ya fito ya bar wa Allah sauran aikin.

Gonar nan fara ba ta cinta, tsuntsu ba ya saukar mata, amma tana da nata maƙiyin. Katantanwa ce, 'yar ƙarama, ba ta wuce kan ɗan yatsa ba. Ba kowace katantanwa ba kuwa, don haka tun yaran suna ƙanana uban ya koya musu rarrabewa. Yakan zuba su a faifai, ya ce, “Kada launin bayanta ya ruɗe ku. Ku juya ta, ku dubi bakinta.”

Iri uku ne. Akwai mai kiwo, bakin ɓawonta a zagaye yake kamar bakin tulu, jikinta sumul. Gansakuka take ci, tana share igiya, saboda haka akan mayar da ita ruwa da godiya. Akwai mai shara, tana da ɗan tsagi kaɗan a gefen baki, bayanta yana sheƙi. Mushe take ci, ba ruwanta da mai rai, ita ma akan ƙyale ta. Ta uku ita ce mai huda. Bayanta yana da awazu a jere, leɓen ɓawonta mai kauri ne da 'yan haƙora a ciki, bakin kuma ya miƙe ya yi tsini kamar bakin buta. Wannan takan hau kan ƙumba ta zauna shiru, ta yi ta goga har ta huda ɗan rami kamar na allura, ta zuƙe naman sarai, ta bar ɓawon a rufe kamar ba abin da ya faru.

Mutanen garin suna da al'ada a kanta. Duk wanda ya tsinci mai huda, ba ya mayar da ita ruwa, ko da a nesa da gonarsa ne. Sai ya kawo ta tudun yashi inda ruwa ba ya kaiwa, ya zuba a tsibi ɗaya da na kowa, rana ta kashe su. In tsibin ya taru, a ƙone shi ya zama farar ƙasa ta shafe ɗakuna. Ba sarki ne ya kafa dokar ba, wahala ce ta koya musu.

Cikin 'ya'yan nan biyu, babban ya fi gwaninta nesa ba kusa ba. Ko idonsa a rufe, in ka sa masa katantanwa a tafin hannu zai faɗa maka irinta. Ya kuwa san ya sani.

Da uban ya rasu, aka raba gonar biyu. Babban ya fara zaɓa, ya ɗauki wadda take kusa da mashigar gari, don kada ya sha tafiya. Ƙaramin ya ɗauki ta can wajen duwatsu. Ashe wajen duwatsun nan ruwa ya fi gudu, abinci kuma ya fi zuwa. Kafin a jima ƙumbar ƙaramin ta yi ɓul-ɓul, in an buɗe ta nama ya cika ɓawo.

Ku lura fa, gonar babban ba ta ragu da kome ba. Yadda take bayarwa a zamanin ubansu, haka take bayarwa. Gidansa ba yunwa, 'ya'yansa ba tsumma. Amma wata ranar kasuwa, wata mai sayar da abinci wadda ta saba saye a wurinsa ta zo ta tsaya a gaban kwandonsa, ta gaishe shi da kyau, sa'an nan ta ce, “Ina ƙanenka yake zama? Tasa nake nema.” Shi da kansa ya ɗaga hannu ya nuna mata. Hannun nan ya yi masa nauyi ƙwarai.

Tun daga ranar tuwo ya daina yi masa daɗi. In aka yabi ƙanensa a gabansa, sai ya yi murmushin da bai wuce haƙora ba. In ƙanen ya aiko da ƙumba kyauta, sai ya ga kamar gori aka aiko masa a kwano. Yakan ce a ransa, “Ni na koya wa yaron nan riƙe faifai. Ni ne babba. Yaya za a yi a wuce ni a tafi wurinsa?” Kishi ya kama shi, irin kishin da yake hana mutum ganin abin da yake hannunsa.

Matarsa ta lura. Ta ce, “Maigida, tamu ma ai ba ta da laifi. Me muka rasa?”

Ya ce, “Ke dai ki ji da tukunyarki.”

Wata rana ruwa ya janye, yana tsince igiyoyinsa, sai ya kama wata mai huda, ƙosasshiya. Ya juya ta ya dubi bakinta. Ya ɗaga kai ya hangi turakun ƙanensa can wajen duwatsu. Maimakon ya jefa ta a faifan da za a kai tudu, sai ya tsaya yana lissafi. Ɗaya ba za ta yi kome ba, gama ƙanen mutum ne mai kula, zai tsince ta washegari. Sai dai da yawa, a zuba su gaba ɗaya, a lokacin da ba ya nan. Ya kuwa san kowace shekara gab da girbi ƙanen yakan tafi gaishe da surukansa a wani gari, ya yi kwanaki.

To, a ina zai ajiye su har lokacin? A tudu za su mutu. Dole sai cikin ruwa. Ruwan da zai shiga ya fita ba mai tambayarsa kuwa ɗaya ne tak, na gonarsa. Sai ya zauna ya saƙa kwando mai murfi. Ya yi masa saƙa mai kyau, yana gwada kowace kafa da mai hudar nan don ya tabbata ba za ta iya fita ba. Ya kai shi tsakiyar gonarsa, ya ɗaure a gindin wani turke, ya danne da dutse.

Daga nan duk mai hudar da ya tsinta, cikin kwando take tafiya. Har wajen gonakin maƙwabta yakan bi yana taya su tsinta, suna sa masa albarka. In an taru a tudun yashi, sai ya zuba biyu ko uku don kada a yi magana.

Ƙanensa ya ga haka ya yi murna. Ya ce, “Yaya, bana Allah ya tsare maka gona. Dubi ɗan abin da ka samu.”

Babban ya ce, “Sai godiya.” Ya kau da kai.

Amma mai huda ba ta zama da yunwa. Da ya ga sun fara mutuwa, sai ya shiga ciyar da su. Da me? Da ƙumbarsa. Ya fara da ƙanana waɗanda ba su da kyau. Da suka yi yawa, ƙananan ba su isa ba, ya koma ba su manya. Mutumin da yake faɗa in 'ya'yansa sun ɗauki ƙumba ɗaya ba izini, ga shi yana ɗiba da hannu biyu yana zuba wa maƙiyin gonarsa. Lokacin da ruwa yake janyewa gajere ne, shi kuwa rabinsa yana tsugune wajen kwando, rabi yana hangen gonar ƙanensa yana ƙiyasta yadda za ta zama. Igiyoyinsa kuwa, ya daɗe bai juya su ya duba da kyau ba.

Ranar ta zo. Ƙanen ya biyo da safe ya yi sallama, ya ce, “Yaya, zan tafi. In ka sami hali, ka riƙa leƙa mini gonar.”

Ya ce, “Kada ka damu, zan leƙa.”

Da rana ta take, mutane duk suna kasuwa, ruwa kuma ya janye, sai ya shiga gonarsa. Ya ture dutsen, ya ɗaga kwandon. Ya ji shi da nauyi, ya ji daɗi. Da ya buɗe murfin don ya ƙara duba dukiyarsa, sai ya ga jikin kwandon daga ciki ya cika da waɗansu 'yan abubuwa rawaya, a tsaitsaye, kamar ƙwayoyin shinkafa. Ba ya bukatar kowa ya faɗa masa. Kwanson ƙwai ne. Ya matso da ido, ya ga kowane ɗaya bakinsa a buɗe, ba kome a ciki.

Da girman iyayen ya auna kafofin kwandonsa. Bai auna da na 'ya'yan ba, su kuwa ranar da suke fitowa ba su fi ƙwayar gero ba.

Ya saki kwandon, ya kama igiyar da take kusa. Ya cire ƙumba ɗaya, ya ji ta sakayau a hannu. Ga ɗan ramin a gefe. Ya buɗe, wayam. Ya cire wata, haka. Ya ruga turke na gaba, da na gabansa, yana cirewa yana buɗewa yana yarwa. Ko'ina ya juya igiya sai ya ga 'yan ƙananan masu huda a manne, da awazunsu da tsinin bakinsu, ba su da kama da kowa sai iyayensu. Daga nesa gonar tana nan cif, ɓawo a kan ɓawo. Ya zauna cikin laka, ya rasa hawayen ma, har ruwa ya fara taɓa masa gwiwa.

Ko ɗaya bai kai gonar ƙanensa ba. Ya ja kwandon zuwa tudun yashi ya juye, tsibin ya yi tsawon da bai taɓa yi ba.

Da ƙanen ya dawo ya ji labarin hasarar, ko ruwa bai tsaya sha ba, ya zo ya same shi. Ya bi igiyoyin yana dubawa, idonsa ya cika da ƙwalla. Ya ce, “Yaya, wannan ba aikin ruwa ba ne. Masu huda ba sa taruwa haka wuri ɗaya. Wani ne ya yi maka. Wane ne ya ƙi ka haka?”

Babban ya sunkuyar da kai yana kallon laka.

Ƙanen ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Bari, kada ka sa a ranka. Gonata ta yi albarka bana, ta ishe mu mu biyu. Gobe zan kwance rabin igiyoyina in kawo maka iri.”

Sai a lokacin babban ya fashe da kuka. Ƙanen yana tsammani hasarar ce ta sa shi.

Ma'anar misalin nan, ya ku ƙaunatattu, ita ce. Gonar ita ce zuciyarka da dukan abin da Ubangiji ya ba ka: gidanka, aikinka, salamarka, addu'arka. Katantanwa iri-iri su ne tunanin da suke shigowa kowace rana, gama ba mai iya hana ruwa kawo abin da ya ga dama. Waɗansu suna da amfani, waɗansu ba su da lahani. Mai huda ita ce kishi. Ba wuyar ganewa gare ta ba. Ranar da aka yabi 'yar'uwarki a ƙungiyar mawaƙa kika ji wani abu ya hana ki taya ta murna, kin san sunansa. Ranar da maƙwabcinka ya rufa ɗakinsa da kwano ka ce masa “Allah ya sanya alheri” alhali ba har zuci ba, ka san sunansa. Mutumin nan bai hallaka don rashin sani ba, gama ya fi kowa sani a garin.

Tudun yashi shi ne tuba. A nan ake fito da abu fili a gaban Allah, a kira shi da sunansa, a bar shi ya mutu tun yana ɗaya. Kwandon kuwa shi ne wannan ɗan lungu da muke cewa, “Ai ban yi wa kowa kome ba, a raina kawai yake.” To, ranka ɗin a ina yake? Ba ka da wurin ajiye kishi sai cikin gonarka. Ba ka da abin ciyar da shi sai barcinka da farin cikinka da godiyarka. Yana kuwa haihuwa, ya haifi gunaguni, da gulma, da murna in wani ya faɗi, kuma ba saƙar da za ta tsare su.

Mutum zai iya zuwa sujada kowace Lahadi da fararen kaya, a gan shi cif, alhali an daɗe da zuƙe shi. Kada ka jira ranar girbi kafin ka sani. Yau, tun ruwa bai rufe ba, ka je ka ɗaga dutsen. Wanda kake kishinsa kuwa, ka je ka gaishe shi, ka gode wa Allah dominsa da bakinka. Wa ya sani, watakila a gonarsa Ubangiji ya ajiye irin da za ka shuka baɗi.